Ranar da Aka Haifi Sakinatu

Garun Tsamiya, kusa da Dayi, ƙasar Katsina
Sha biyar ga Muharram, shekara ta dubu da ɗari biyu da tamanin bayan Hijira

Zuwa ga ƙanena Mudi ɗan Malam Yusufu, a Gwanja.

Da sunan Allah na fara, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, wannan gaisuwa ce daga yayarka Hajo, wadda ta goya ka tun ba ka san hannun damanka ba. Ina roƙon Allah takardar nan ta iske ka a kan ƙafafunka, kai da iyalinka, ya tsare ku daga zazzaɓin kurmi, ya sa albarka a goron da kake saye da wanda kake sayarwa. Mu nan alhamdu lillahi. Ruwa ya sauka da wuri bana, an gama noman firi ana shirin maimai, gero ya kai gwiwa. Rumbuna dai sun yi ƙasa, ka san halin wannan lokaci, kowace mace tana auna tsaba da ido biyu. Kawu Maiwada ya sha fama da kurkunu a ƙafa tun bazara, amma ya fita, har ya koma gona yana yi wa yara faɗa kamar yadda ya saba. Iskar ruwan farko ta karya babban reshen tsamiyar ƙofar gari, wanda ka faɗo daga kansa ka gurɗe hannu, ka ce wa Baba jaki ne ya harbe ka.

Madugu Labo ya kawo mini takardarka da ƙullin goro, na gode, Allah ya ƙara buɗi. Goron na raba. Takardar kuwa sau uku na karanta ta, domin karon farko na ɗauka idona ne ya fara lalacewa. Ashe ba idona ba ne, hannunka ne, wannan rubutun naka mai kwanciya gefe ɗaya da Baba ya gaji da yi maka bulala a kansa. Ka ce Mai Gari Sanda ya aiko maka tun bara cewa ya ga alamar wata rana zan ta da fitina a kan ɗiyarka Sakinatu. Ka ce kai ne uban yarinya, ka yarda a ci gaba da fitar da ita daga gari duk ranar Cika-ciki, in ma ya fi sauƙi a bar ta can waje gaba ɗaya. Ka ce in yi haƙuri in bi manya. Haba Mudi! Labo ba zai juya ba sai ruwa ya ɗauke hanya ta bushe, saboda haka takardar nan za ta yi watanni a cikin gafaka kafin ta kama hanya. Duk da haka yau nake rubuta ta, tun raina yana tafasa, kuma ba zan sake ta ba in na huce.

Bari in faɗa maka abin da ka yarda da shi, don na tabbata ba ka san shi duka ba. Kai farkonsa kawai ka gani. Shekara goma ke nan da mahara suka faɗo wa garin nan daga arewa, ranar goma ga Muharram, suka cinna masa wuta, suka kashe na kashewa suka kora na korawa. Ran nan matarka Adama ta haifi Sakinatu a cikin gonar dawa, ta cika kafin rana ta faɗi, Allah ya jiƙanta. Ni ina Maska gidan mijina a lokacin. Da na zo na tarar da toka, da jaririya, da kai zaune kamar an dasa ka, ba ka magana da kowa. Aka yi sadakar arba'in, ka bi fatake, ba ka sake waiwayowa ba. Bayan tafiyarka dattawa suka yanke cewa daga ranar ba za a ƙara hura wuta a garin nan ran Cika-ciki ba, daga asuba har faɗuwar rana. Ranar da duk ƙasar Hausa ake dafa wutsiyar ragon Layya a ci a ƙoshi, mu sai ɗumame mai sanyi, in ma akwai. Ban ce uffan ba. Sanda 'ya'ya biyu ya binne a rana ɗaya, wanda ya ga haka ba a koya masa yadda zai yi baƙin ciki.

Shekara ta uku ne abin ya lalace. Ran Cika-ciki rumbun wani ya kama da wuta. Kowa ya san dalili, yara ne yunwa ta kora bayan rumbu suna gasa gujiya a ɓoye, tunda an hana iyayensu girki. Amma wa zai ce dokar manya ce ta ƙona rumbu? Sai aka waiwayo kan 'yar shekara uku. Wai da wuta ta zo duniya, wai in ranarta ta zagayo ta same ta cikin ganuwa sai wuta ta biyo ta. Tun daga nan, duk ran tara ga wata sai a fitar da ita ta ƙofar gari, a kai ta gidan Inna Laraba, ƙanwar mahaifiyarmu, can cikin Maguzawa a gindin dutse, ba za ta dawo ba sai ran sha ɗaya. Yara kuwa suka sa mata suna Gobara. A bakin rijiya Gobara, a dandali Gobara, har akwai ƙananan da ba su san tana da wani suna ba. Ɗiyarka ke nan, Mudi, mai goshin Adama da dogayen yatsunka.

Ba zan wanke kaina ba. Shekara bakwai ni ce nake riƙe hannunta ina fita da ita, ina yi mata ƙaryar cewa ziyara za mu. Mijina ya rasu, na dawo gidan Baba da zama, ba ni da namiji a gida, na ce bari in zauna lafiya da mutane. Tir da wannan zaman lafiya. Bana, ranar da aka ga jinjirin watan Muharram, na shiga ɗaki na iske yarinyar nan ta ninke zanenta ta ɗora ludayinta a kai ta ajiye a bakin ƙofa. Ba wanda ya ce ta yi, saura kwana takwas ma. Na tambaye ta na mene ne, ta ce tana shiri ne don kada ta ɓata wa mutane lokaci. Sannan ta tambaye ni, ba kuka ba komai, wai Gwaggo, shi ma Allah ba ya son ranar da aka haife ta ne, ko mutanen garinmu ne kawai. Wallahi Mudi, da mari ta kwaɗa mini da ya fi mini sauƙi. Ni 'yar malam guda, sai na fita tsakar gida na hau dakan da ban yi niyya ba.

Washegari na tafi wurin Inna Laraba ni kaɗai. Ka san ta, har yau ba ta salla, tana nan da tsafin gidansu, tsufa ya ranƙwafar da ita amma bakin nan yana nan da kaifinsa. Na same ta tana cirar ciyawa a bayan gida, na zayyana mata. Ta miƙe ta dafa ƙugu ta yi mini kallon sakarai. Ta ce ita fa ta daɗe tana son ta tambaye mu, mu masu salla, wace irin rana ce wannan tamu mai yawo kamar akuyar da ba ta da turke. Ta ce ranar da gari ya ƙone an riga an yanke gero, dawa ta fi mutum tsawo ta fitar da kai, shi ya sa ma aka sami wurin ɓuya. Farkon da aka fara kawo mata yarinyar ana cin sabuwar masara ne. Ga shi bana za a kawo ta gero bai wuce gwiwa ba. Ta ce su a lissafinsu na noma, ranar wutar tana nan inda take, can cikin kaka, ba ta taɓa gusawa ba, kuma duk shekara yarinyar tana cikin gari a ranar tana wasanta, ba abin da ya ƙone. To mu wace rana muke gudu?

Ni da Baba ya koya wa lissafin wata tun ina 'yar ƙwailata, na san sarai watanninmu suna zagaya damina da rani, amma ban taɓa haɗa wannan da wancan ba, sai da tsohuwar da ba ta san alif ba ta nuna mini. Da na dawo gida na sauko da gafakar Baba, na kakkaɓe ƙura, na nemo littafin nan mai jan bango da yake karanta mana falalar ranaku, wanda kai kake gyangyaɗi in an buɗe shi. Na nemo babin goma ga Muharram na karanta shi har ƙarshe. Da na rufe, na ɗauki mayafina na nufi ƙofar gidan Mai Gari.

Na iske su a zaure, Sanda da dattawa da Liman Malam Maitama, wanda a gaban Baba ya yi saukar karatu. Na durƙusa na gaishe su yadda ya kamata, don kada a ce 'yar Malam Yusufu ba ta da ladabi. Na ce ranka ya daɗe, tambaya na kawo. In da damina da kaka kuke lissafi, ranar wutar ba ta zo ba, tana gaba da fiye da wata uku, kuma shekara da shekaru yarinyar tana cikinku a ranar ba ku sani ba. In kuwa da wata kuke lissafi, to goma ga Muharram ba ranar mahara ba ce, tana da masu ita tun kafin a kafa garin nan, ga su nan a littafi, Allah gafarta Malam ya karanta muku. Sai ku zaɓi ɗaya. Liman ya karɓi littafin ya duba, ya san abin da ke ciki, ya yi ta shafa gemu yana gyaran murya, ya ce lallai haka ne, amma fa maslaha, amma fa zaman tare. Sanda kuwa bai ko kalli littafin ba. Ya ce madalla da na tuna masa, tunda ranar biyu ce, daga bana sai a riƙa fitar da ita sau biyu.

A nan ne ladabin ya ƙare. Na miƙe tsaye a gaban maza, abin da ban taɓa yi ba. Na ce ba sau biyu ba, ko sau ɗaya ba za ta ƙara fita ba, kuma ran Cika-ciki zan hura wuta a gidan ubana in tuƙa tuwo, wanda ya isa ya zo ya kashe. Sanda ya ce in na yi haka ni da ita za mu bar garin. Ya kuma jefo mini takardarka a fuska, ba takardar kanta ba, maganarta, domin Labo ya riga ya gaya masa abin da ka ce. Ya ce uban yarinya ya yarda, ni wace ce. Ka ji inda ka sa ni, Mudi. Na ce ni ce wadda ta tauna mata abinci ta ba ta a baki lokacin da ubanta yake ƙirga ƙwaryar goro a Gwanja. Ka yi fushi in ka ga dama, na faɗa kuma ban janye ba.

Ran tara ga wata da hantsi aka aiko samari biyu su tafi da ita. Suka tarar da ni zaune a bakin zaure da taɓarya a kan cinya, ina azumi, raina a ɓace. Dukansu ni na koya musu fatiha. Na kira kowanne da sunan da uwarsa take kiransa, na tambaye su wanne zai fara tsallake ni. Suka yi tsuru-tsuru, suka gaishe ni, suka juya. Ran goma, bayan rana ta fito, na haɗa murhu a tsakiyar tsakar gida, nesa da danga da rumbu, na jera tuluna uku cike da ruwa a gefe, don taurin kai ne da ni, ba wauta ba. Babu gidan da zan ɗebo garwashi, sai na ɗauko ƙyastun Baba na ƙyasta. Hayaƙi ya miƙe sama, shi kaɗai a duk faɗin garin, ana ganinsa daga gonaki. Na jefa busasshiyar wutsiyar ragon da na rataye tun Layya a tukunya. Sakinatu tana maƙale a ƙofar ɗaki tana kallon wutar kamar za ta taso mata.

Ƙanshi ne ya kawo yaran. Da farko kawuna na gani a saman danga, can sai ɗaya ta shigo, sai uku, kafin rana ta take sun fi ashirin. Akwai 'yan shekara tara da ba su taɓa jin ƙanshin miyar Cika-ciki ba tun da aka haife su. Na ce ba mai cin tuwona sai ya ji labarin ranar tukuna, kuma kowa ya koma gida ya kawo abin da ya samu ko cikin tafin hannu ne. Na ɗauka ba za su dawo ba. Sai ga su, wannan da gero a bakin zane, wannan da wake, wannan da gujiya, wata da 'yar daddawa. A wannan lokaci na ƙarancin hatsi, yaro ba ya ɗibar tsaba uwarsa ba ta gani ba. Iyayen sun gani, sun kau da kai ne. Har jikar Sanda, Nana, ta zo da kuka a ƙoƙo.

Na zaunar da su a inuwar ɗurumi, na jawo Sakinatu na ajiye ta a gefena, na buɗe littafin. Na ce musu malamai sun rubuta cewa a rana mai kamar ta yau Allah ya karɓi tuban Annabi Adamu. A rana mai kamar ta yau jirgin Annabi Nuhu ya tsaya a kan dutse bayan ruwa ya cinye duniya, mutanen ciki suka sauko da yunwa, kowa ya karkaɗe jakarsa, wannan tafin gero wannan tafin wake, aka haɗa a tukunya ɗaya aka ci aka ƙoshi, shi ne asalin abin da suka yi yanzu da hannunsu. Kai, ka ga yadda suka waiwaya suna kallon tukunyar! Na ce a ranar aka haifi Annabi Ibrahim, a ranar kuma aka jefa shi wuta ta ƙi cinsa. Da na zo nan sai na ji yarinyar ta motsa a jikina. A ranar Annabi Yusufu ya fita daga kurkuku, a ranar idon mahaifinsa ya buɗe, a ranar Annabi Ayuba ya warke. Annabi Yunusa a ranar kifi ya amayo shi, wani ɗan ƙarami ya tambaya ko kifin ya kai tarwaɗar kududdufin bayan gari, aka yi ta dariya. A ranar teku ta tsage wa Annabi Musa ya wuce da jama'arsa, Fir'auna ya bi su ya sha ruwa. A ranar, in ji littafin, aka haifi Annabi Isa. Ina faɗa suna maimaitawa, ina nuna musu da yatsu, har yatsun suka ƙare muka sake daga farko.

Ban ɓoye musu ɗacin ba. Na ce a wannan rana ce kuma aka kashe jikan Manzon Allah, da ƙishirwa, shi da danginsa, abin da har yau Musulmi ba su daina jin zafinsa ba. Na tambaye su ko sun taɓa jin an cire ranar daga cikin wata saboda haka, ko an kori wanda aka haifa a cikinta. Suka ce a'a. Sai Nana ta ɗaga kai ta ce to mu garinmu fa, me ya faru a ranar ban da wuta. Na buɗe baki ke nan sai na ji an amsa daga zaure. Inna Laraba ce, da sandarta. Shekara nawa rabonta da shiga ganuwar nan, amma ta hango hayaƙi daga gindin dutse, ta ce bari ta zo ta ga ko 'yar yayarta ta haukace ne ko ta warke.

Ta zauna a kan turmi ta ba su labarin da ni kaina ban taɓa ji ba, domin kai ba ka faɗa ba, ni kuma ban tambaya ba. Ta ce ita ta karɓi haihuwar a tsakiyar dawa, ana jin dawakai suna wucewa ta kan hanya. Da ta ga Adama ba za ta tashi ba, ta ce maka ka gudu ka bar jaririyar da ita, don kukanta zai tona ka. Ka ƙi. Ka tuɓe rigarka ka naɗe ta, ka sa mata ɗan yatsanka a baki tana tsotsa, ka rarrafa da gwiwa da hannu ɗaya tun daga gonar Baba har gindin dutse, ba ka miƙe ba ko sau ɗaya. Ta ce ka iso gwiwoyinka duk jini, aka miƙo maka ruwa ka ture, sai da ka kai bakinka kunnen yarinyar ka yi mata kiran salla a hankali, a tsakar gidan Maguzawa, gari yana ci da wuta a bayanka. Sannan ka ɗago ka ce sunanta Sakinatu, tun kafin ranar suna, wai don kada ku mutu ba ta da suna.

Ɗiyarka ba ta yi kuka ba, ni ce na yi. Ita sai ta ce wa Inna Laraba ta sake faɗin wurin yatsan, aka sake. Da muka koma maimaita ranar daga farko, aka bi annabawa ɗaya bayan ɗaya har aka zo ƙarshe, na ce a rana mai kamar ta yau aka haifi Sakinatu 'yar Mudi a Garun Tsamiya, yara suka amsa. Sai ta ɗaga murya, ita da ba a jin muryarta a cikin yara, ta ce an manta ɗaya, a ranar ce babanta ya ɗauke ta da gwiwa ya fitar da ita daga wuta. Suka amsa wannan ma. Liman na can yana jin mu ta bayan danga, na san zai ce ba a jera mutum da annabawa, kuma gaskiyarsa, na gaya musu waɗancan daban mu daban. Amma ban hana ta ba. Da la'asar na kwashe tuwo, suka ci har suna nishi, suka kwanta a tabarma suna buga ciki. Magariba ta yi na sha ruwa, na kashe wutata da hannuna. Ko tsinke bai ƙone ba a garin nan.

Kada ka ɗauka daga nan kowa ya rungume mu. Washegari Sanda ya tara dattawa, ya ce maganarsa tana nan. An bar ni in girbe abin da na shuka, da an gama kaka ni da yarinya mu fita. Liman ya sunkuyar da kai, Kawu Maiwada ya yi ta masifa har muryarsa ta dishe, bai hana komai ba. Mata suna zuwa mini da sassafe ɗaya-ɗaya suna ba ni haƙuri, wasu na cewa in je in durƙusa in ce kuskure ne. Ban yi kuskure ba, me zan tuba a kai? Saboda haka ka sani, gidan Baba ya tafi, ɗakin da aka haife ka da ɗurumin da rijiyar. Na ba da shi a kan tukunyar tuwo ɗaya, kuma da za a mayar da ni ranar, sai in ƙara wa wutar itace. Yana yi mini ciwo, ba na musu, a nan kabarin iyayenmu yake. Inna Laraba ta ce a yanka mana fili kusa da ita, ta ce in yi sallata ba mai hana ni. Can za ka same mu. Abu ɗaya dai Sanda ba shi da ikon korarsa. Jiya a bakin rijiya na ji 'yan mata suna jan guga suna jera ranar, daga Annabi Adamu har zuwa kanka, kuma da Sakinatu ta iso da tulunta da sunanta suka kira ta.

Ka gaishe mini da matarka Hansai, ban san ta ba amma ina yi mata fatan alheri, Allah ya ba ku zaman lafiya. Ka shafa mini kan ɗanka mai sunan Baba, ka gaya masa yana da gwaggo mai faɗa a ƙasar Katsina, yana kuma da yaya. Kawu Maiwada yana gaishe ka, ya ce sauran maganar sai kun haɗu. Inna Laraba ta ce ba ta gaisuwa da takarda, mai son gaisuwarta ya zo ya durƙusa. Ka gaishe da duk mutanen ƙasarmu da ke zango tare da kai.

Saura Sakinatu. Ta san ka aiko da takarda, ta ga goron. Kwana biyar ke nan tana bina tana roƙon in karanta mata abin da babanta ya ce a kanta, babanta mai gwiwa. Na ce mata idona yana ciwo. Shekara bakwai na yi ina yi mata ƙarya saboda mutanen gari, na rantse na daina, ga shi yanzu na koma saboda kai. Ba zan daɗe a kai ba. Na fara koya mata baƙaƙe, kanta kuwa yana ja, ba kamar wani ba. Kafin Cika-ciki mai zuwa za ta iya karanta hannunka da kanta, kuma ranar da ta iya zan miƙa mata, ba zan ƙona ba, ba zan goge ko harafi ɗaya ba. In ba ka so ta karanta, ka san hanya. Ka zo ka karɓe ta daga hannuna.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri. Wassalam.

Yayarka,
Hajo 'yar Malam Yusufu